Jar Jarkar da Rakiya Ta Kawo

Duk wanda ya wuce ta gaban teburina a bakin titin Gaya ya ga kwalaben fetur a jere, sai ya ɗauka zaman shan inuwa nake yi. Samarin yanzu har faɗi suke, wai bumburutu ba sana'a ba ce, da ka sami jarka da mazurari shi ke nan ka zama ɗan kasuwa. Ina jin su, ba na tanka musu. Amma shekaru sun ja, ƙirjina ma ya fara ba ni labari, don haka gara in faɗi abin da na sani tun ina da numfashin faɗa.

Sunana Haladu, mutumin Gafasa ne ni. Shekarar da ruwa ya ɗauke mana gero yana tsakiyar fitar da kai, na baro gida da mata da 'ya ɗaya a baya, na zo Gaya neman abin yi. Wani ɗan garinmu ya kai ni wurin Malam Sabo, wanda kowa ke kira Sabo Mai Mai. Dogo ne, siriri, ba ya son yawan magana. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni ko ina shan taba. Na ce a'a. Ya ce in buɗe tafin hannuna, ya shinshina, sannan ya nuna mini wani baho cike da kwalabe.

Wata guda cur ina wankin kwalba, ban taɓa fetur ba. Ni da na zo da gemuna, ga ni tsugune ina cusa tsumma a kwalba da tsinke. In na wanke sai in kife su a kan karan dawa da ya kakkafa a ƙasa, su sha rana har su bushe ƙarau. Ranar da na gaji na ce ai wannan ta bushe, sai ya ɗaga ta sama ya nuna mini ɗigon ruwa ɗaya a gindinta. Ya ce wannan ɗigon shi zai tsayar da babur ɗin wani a dajin Kademi, mai babur kuma ba zai zagi ruwa ba, Sabo zai zaga. Na mayar da ita kan kara.

Bayan kwalba sai gane mai. Maigida yakan ɗiga fetur a bayan hannuna ya ce in jira. In mai kyau ne, nan da nan zai tashi ya bar wurin fari fat, da ɗan sanyi. In an sirka shi da kalanzir, sai ya bar maiƙo. Ya koya mini ɗaure ƙyalle a bakin mazurari saboda tsatsa da yashi. Ya koya mini kada a cika jarka har wuya, don mai yana kumbura in ya ji zafi, kuma da hantsi ya ɗaga a sassauta murfi ya yi numfashi. Bokitin yashi kullum yana ƙarƙashin tebur. Na taɓa ganin wata mata ta zo da leda a zuba mata fetur, wai kuɗin cizo sun hana 'ya'yanta barci, za ta yayyafa a katifa. Ya hana ta, ta yi magiya, ya ƙi. Ta tafi tana mita, shi kuwa ya ci gaba da goge mazurarinsa.

Amma uwar sana'ar ita ce tiyo. Manyan jarkokin da muke sarin mai a ciki irin na man gyada ne, masu ruwan ɗorawa, kuma ba mai iya karkata su a bakin kwalba bai yi ɓarna ba. Sai ka ɗora jarka a kan tebur, kwalba a ƙasa, ka zura tiyo, ka sa ɗaya bakin a bakinka ka zuƙa. Idonka na kan tiyon kana kallon mai yana hawowa, kafin ya iso leɓenka ka cire ka toshe da babban yatsa, ka kai bakin kwalba. In tiyo sabo ne, abin da sauƙi. In ya tsufa ya yi duhu, ba ka ganin komai, sai dai ka ji sanyin tururin a harshenka ka san ya kusa. Ba ɗan bumburutun da zai ce maka bai taɓa haɗiya ba, in ya faɗa ƙarya yake yi.

Nawa ya same ni a shekarata ta farko. Na zuƙa da ƙarfi, fetur ya cika mini baki ya wuce. Maigida ya aika aka karɓo manja wurin mai wake da shinkafa, ya ɗura mini cokali biyu, ya ce in sa yatsa a maƙogwaro. Na amayar, na kwana biyu ina gyatsar fetur, na warke. Haka shi ma aka yi masa a wurin wanda ya koya masa. Haka ni ma na yi wa mutum uku ko huɗu daga baya, suka yi mini godiya. A wurinmu wannan shi ne magani, ba wanda ya taɓa tambayar daga ina aka samo shi.

Mun fi shekara ashirin muna tare a tebur ɗaya. Na tashi daga yaron gida na zama abokin sana'a, amma ban taɓa daina ce masa Maigida ba. Da rani manoman fadama na Toranke da Ajingi su ne manyan masu sayenmu, saboda injin ban-ruwa. Akwai masu injin niƙa, akwai malaman Islamiyya masu ƙaramin janareto, sai kuma 'yan acaɓa, waɗanda tun da nake ban taɓa ganin wanda ba sauri yake yi ba.

Sannu a hankali tari ya kama Maigida, irin busasshen nan da ba ya fita da komai. Hannunsa kuma ya soma rawa. Yana da 'ya, Rakiya, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Kano. A gabana aka haife ta, ni na riƙa goya ta a babur zuwa makaranta. Ta zo ta tafi da shi aka duba ƙirjinsa, aka ce kada ya sake sa tiyo a baki har abada. Ta so ya bar sana'ar gaba ɗaya. Ya ce mata in ya zauna a gida kwana bakwai, a na takwas sai dai a fito da shi a makara.

Mako biyu bayan haka sai ga ta da wata jar jarka ƙarama, mai cin lita goma, sabuwa dal, da baƙin bututu a bakinta. Ta ajiye a kan teburinmu.

“Baba, ga wannan. Ba ruwanka da tiyo daga yau. Baffa Haladu zai riƙa cika maka ita, kai kuma ka riƙa zubawa da bututun.”

Maigida ya jujjuya ta, ya kife ta, ko ɗigo bai fito ba. Ya ce, “To ita kuma ta ina take ba da man, ko roƙonta ake yi?”

Ta yi dariya ta nuna masa. Sannan ta juyo wurina, dariyar ta ɗauke. “Baffa, shi ba zai ji maganata ba in na juya baya. Kai nake ba amana. Kada ka bari ya taɓa tiyo.”

Na ce, “Na karɓa, Rakiya. Ki tafi hankalinki kwance.”

Bari in gaya muku yadda wannan bututu yake, don wanda ya ƙera shi na tabbata bai taɓa tsayawa a rana da layin babura a gabansa ba. Akwai sifirin, ɗan murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, a cikin wuyansa. Sai ka fara murɗa wani ɗan makulli, ka maƙala haƙorin bututun a leɓen tanki, sannan ka danna jarkar gaba ɗaya ƙasa kafin ya buɗe. Da ka sassauta, ya rufe. Jarkar ba ta da hujin iska a baya, saboda haka man ba ya gudu, sai dai ya riƙa fitowa guɗ-guɗ kamar mai shan kunu da zafi. Aikin hannu uku ne aka ba mai hannu biyu. In kwalba ce za ka cika, bakinta ya yi ƙanƙanta, da ka danna sai ta zame ta faɗi. Mafi muni, in jarkar ta sha zafin rana cikinta ya kumbura, dannawar farko tofi take yi. An ce an yi shi ne don kada mai ya zube. Ni dai ban taɓa zubar da mai a rayuwata kamar yadda na zubar a makon farko na wannan jarka ba.

Na tsane ta, ban ɓoye ba. Amma Maigida ya bi ta da haƙuri. Ya samo tsohon baho ya cika da yashi ya riƙa binne kwalabe har wuya don kada su zame. Ya kafa mazurari a jikin wani katako, yadda haƙorin bututun zai sami abin kamawa. Ya gano cewa in ya danna ta a tsaye tukuna, iskar ta fita, ba ta yin tofi. Kuma ga abin da ni ban lura da shi ba a lokacin: jarkar ta dace da hannu mai rawa. Yana jingina ta a bakin tanki ya sa nauyin jikinsa, in hannun ya kubce masa sai ta rufe kanta. Da buɗaɗɗen baki ba zai iya zuba ko kofi ɗaya bai watsar ba. Wata biyar yana aiki da ita, bai sa tiyo a baki ba ko sau ɗaya. In na fara mita sai ya ce, “Abin yarinya ne, Haladu, a bar shi.”

Wannan ita ce shekarar da mai ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Mutane suka koma sayen rabin kwalba. Wasu samari kuma suka kafa teburi a tsallaken titi, da yankakkiyar robar ruwa a matsayin mazurari, suna zubawa fuu cikin ƙiftawar ido. Duk wanda ya gaji da jiran jarkarmu sai ya tsallaka. Ina gani, raina yana ɓaci.

Ranar kasuwar Gaya ce, ana tsakiyar zafin bazara. Maigida ya tafi alwala, kwalabe sun ƙare, babura biyar suna jira. Na sunkuci jar jarkar da ta daɗe a rana, na manta ban fitar mata da iska ba. Na gaba a layi wani mutum ne cikin farar shadda, za shi ɗaurin aure. Ina dannawa ta yi tofi. Ta wanke masa gaban riga, sauran ya sauka a kan injin mai zafi ya tashi da tururi, mutane suka watse da salati. Allah ya kiyaye wuta ba ta tashi ba. Mutumin ya dube ni ya ce, “Haba tsoho, duk furfurar nan ba ka iya zuba mai ba?” Samarin tsallake suka kwashe da dariya.

Ban san lokacin da na ɗauko filaya ba. Na cusa ta a wuyan bututun na fizgo sifirin, wuyan ya tsage har ƙasa. Niyyata in mayar da shi bututu kamar kowane bututu, sai ga shi ya tashi daga aiki gaba ɗaya, in ka karkata ta gefe yake zuba.

Maigida ya dawo ya tarar. Ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya tsinci sifirin a cikin yashi, ya hure shi, ya sa a aljihu. Abin da ya ce kawai shi ne, “Haladu, ka yi sauri.”

Na ce gobe-gobe zan kai wa maƙeri ya yi mana na gwangwani. Goben ta zama jibi, jibi ta zama gata. Manoman fadama sun matsa, kullum ina kan babur da jarkoki. Na riƙa cika masa kwalabe kafin in fita, in ce in sun ƙare ya jira ni. Jar jarkar tana ƙarƙashin tebur, babu komai a cikinta.

A rana ta biyar na tafi Toranke kai mai bayan azahar. Kwalabe suka ƙare da wuri. Wani manomi ya zo da galan, ya ce albasarsa ta kwana biyu ba ruwa, in ta kai gobe ta tafi. Maigida ba ya iya kallon irin wannan ya ce a jira. Ya ɗauko tiyona, wanda ya tsufa ya yi duhu. Yana cikin zuƙa tarin nan nasa ya taso.

Da na dawo na same shi zaune a benci, mai shayin kusa da mu yana yi masa fifita. Idonsa ya yi ja, yana ɗan tari, amma yana magana sarai.

“Kaɗan ne ya wuce,” in ji shi. “Kada ka gaya wa Rakiya.”

Na ruga na karɓo manja. Ya kau da kai. “Bari, Haladu, zai faɗa da kansa.”

Na ce, “Maigida, kai fa ka koya mini. Buɗe bakin.”

Ya buɗe. Na ba shi cokali biyu. Hannunsa na rawa ya kasa kai yatsa, sai na riƙe masa ƙeya na sa nawa. Ya yi amai, aman ya sarƙe shi, ya yi ta tari har ya durƙusa. Da ya ɗago, numfashinsa ya canja. Wani siririn sauti yake fita daga ƙirjinsa, leɓensa ya yi duhu. Kafin la'asar ta wuce muna asibiti, daga can aka ce mu wuce Kano.

Rakiya ta tare mu a ƙofa. Bayan an shiga da shi an sa masa abin numfashi, ta fito ta tambaye ni yadda aka yi. Na faɗa mata ya sa tiyo. Ta runtse ido. Sannan ta ce, “Ba a dai sa shi amai ba ko?”

Na ce, “An sa. Ni da kaina, nan take. Har manja na ba shi.” Wallahi da ɗan alfahari na faɗa, ina ganin na yi abin kirki.

Sai ta nemi wuri ta zauna a kan dakali. Ta yi mini bayani a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ta ce fetur in ya sauka ciki yakan wahalar da mutum, amma sau da yawa yana wucewa. Haɗarin shi ne ya shiga huhu, kuma dawowarsa sama da amai ita ke buɗe masa hanya. Ta ce abin da ake yi shi ne a bar mutum a zaune, kada a ba shi komai, a kawo shi asibiti. Ta ƙara da cewa mai yiwuwa tun a zuƙar farko wani man ya riga ya shiga huhun, Allah kaɗai ya sani. Na gane sauƙi take nema mini. Amma ni na ji numfashinsa kafin manja, na kuma ji shi bayan manja.

Washegari da safe aka bar mu muka shiga. Tana gyara masa matashi sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Baffa, ina jarkar take?”

Na buɗe baki zan amsa. Maigida ya ɗaga abin numfashin daga fuskarsa da ƙyar.

“Ni na karya ta,” ya ce. “Ta ishe ni.”

Shekara ashirin da wani abu ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ko a ciniki. Wannan ce ta farko, kuma saboda ni ya yi ta. Kwana uku bayan nan, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai, mai ɗakinsa ta aiko mini da kayan aikinsa a buhu: mazurari biyu, katakon nan, da wani ɗan ƙulli. Ta ce a aljihun rigarsa ta samu, ba ta san ko na mene ne ba. Na kwance, sifirin ne. Ya goge shi tas. Ina jin jira yake in na huce ya nemi yadda za a mayar.

Ban iya riƙe abin ba. Na sami Rakiya a zauren gidansu kafin ta koma Kano, na ajiye sifirin a gabanta na ce ni na karya, da filaya, cikin fushi, kuma amanar da ta ba ni ban riƙe ba. Na yi kuka a gaban yarinyar da na goya, ban ji kunya ba.

Ta ce, “Na sani, Baffa. Hannun Baba ko cokali ba ya riƙewa sosai, ina zai iya da filaya? Tun da ya ce shi ne, a bar shi shi ne.”

Na roƙe ta abu ɗaya, ta samo mini wata irinta. Ta samo. Ita ce wannan da kuke gani a kan teburina. Ban canja ra'ayi a kanta ba, har gobe ina cewa wanda ya ƙera ta bai san aikinmu ba. Tana ɓata lokaci, tana sa wuyan hannu ciwo, in na manta ban fitar mata da iska ba har yanzu tana yi mini tofi. Rabin masu sayena sun koma tsallake. Tiyo kuwa na daina sa shi a baki, ɗan famfon roba na saya wanda ake matsawa da hannu, shi ma da nasa jinkirin. Duk ɗan bumburutun da ya zauna kusa da ni sai na gaya masa maganar manja da yatsa. Wasu su ji, wasu su ce ai kakanninmu ma haka suka yi.

Kwanan baya ɗaya daga cikin masu teburin tsallake ya ga ina fama, mai babur yana ta danna mini oda. Ya ƙetaro da filaya a hannu, da kyakkyawar niyyarsa.

“Baba, kawo in cire maka wahalar nan. Wallahi minti ɗaya ne.”

Na janye jarkar na rungume ta a ƙirji.

Na ce, “Na san minti ɗaya ne, ɗana. Mayar da filayarka.”